Ba a Kwance Huhu a Hanya

Wannan ba tatsuniya ba ce, don haka ba sai kun ce ta zo mu ji ta ba. Ta riga ta zo. Da rana tsaka ta shigo mana, ana guɗa ana tafi, ta zauna ta ci ta sha, ba ta tashi ba sai da ta ga ƙarshen gidanmu. Ni ban shiga lakwal ba, makarantar boko ke nan, ban san kan takarda daga gindinta ba. Bakin nawa ne, hannun da ke rubutawa na jikata ne. In magana ta karkace, ni na karkatar da ita.

Mu mutanen Jugu ne, jikokin fatake. Kakannin mijina da jakuna suka riƙa bin wannan hanya, su gangara Gwanja da kanwa, su hauro da goro, har ɗaya daga cikinsu ƙafa ta gaji, ya kafa bukka a bakin hanya, ya haƙa rijiya. Bukka ta zama gida, gida ya zama masaukin ayari. Wannan gida aka kawo ni ina amarya, a cikinsa na haifi 'ya'yana, a cikinsa aka wanke mijina. Akwai zaure, akwai ɗakin goro mai sanyi kamar gindin randa, akwai wani fili ta baya inda a da ake ɗaure jakuna. Rijiyar tana gefen filin nan. Ruwanta garai-garai ne, har maƙwabta masu famfo sukan aiko da tulu ranar da suke son shayi mai daɗi.

Sana'ata goro ce, a hannun uwar mijina na koya. Goro abu ne mai rai. Ana jera shi cikin ganye, a ɗaure tamau, wannan ɗaurin shi ake kira huhu. Kowace safiya sai an yayyafa masa ruwa. In ka ga huhu yana ɗiga ta ƙasa, ka gode wa Allah, yana shan ruwansa ke nan. Huhun da ya bushe ƙayau shi ne abin tsoro. Kuma fatake suna da doka: ba a kwance huhu a hanya. In an kwance, iska ta shiga, rana ta taɓa, ayari ya tsaya, ɓarawo ya ga abin da kake ɗauke da shi. Ruwa kawai za ka ƙara ka ci gaba da tafiya. Da wannan magana aka yaye duk wanda aka haifa a gidanmu. Ku riƙe ta, don ita ce ta ci mu.

Zamani ya juya. Manyan motoci suka riƙa ɗauko goro daga kudu suna wuce Jugu ko gudu ba sa ragewa. Ni dai na riƙe 'yan masu sayena: masu biki, masu suna, da malaman da ke ci don kore gyangyaɗi. Gida kuwa ya tsufa. Rufin ɗaki ɗaya ya rufta, katangar gabas ta yi ciki. Dangin da suka watsu Kwatano da Paraku suka fara aiko da magana, wai a sayar, kowa ya ɗauki rabonsa. Mai saye ma yana nan a shirye, wani ɗan kasuwa mai sayar da siminti a bakin titinmu. Duk Juma'a sai ya tsaya ya gaishe ni, bakinsa na gaisuwa, idonsa na auna katanga.

Mutum biyu suka tsaya kan ba za a sayar ba. Ɗaya ɗana ne na fari, wanda ba zan faɗi sunansa ba, don uwa ba ta faɗi. Direba ne, ya daɗe yana tuƙa motocin mutane a Paraku. Ɗayan ƙanen mijina ne, wanda gida ya koma hannunsa bayan rasuwar wansa. Shi abokin wasana ne tun ina amarya yana ɗan mitsitsi mai majina. Ya je Makka ya dawo, furfura ta rufe shi, amma bai daina ce mini “matata” ba, ni kuma ban daina ce masa “malalacin miji” ba.

Su biyun suka ƙulla shawara: a sayar da gonar kashu ta gado da ke ƙauyen Onkulu, a sayi motar yashi, irin mai ɗaga bayanta ta juye kaya da kanta, wadda ake kira tifa. Ko'ina gini ake yi. Mota ta ci da gida, ta gyara rufi, ta rufe bakin dangi. Dangi suka ce sun ji, amma in mota ta kasa, kada wani ya sake hana su maganar sayarwa. Aka yi fatiha a kan haka.

Tsohuwa ce aka sayo daga Kwatano, an shafe ta da sabon fenti shuɗi. Ranar da ta iso sai da aka fasa katangar baya kafin ta sami shiga filin jakuna. Ɗana ya ja wani ƙarfe a gefen kujerarsa, motar ta yi gurnani, sai ga wata sanda mai ƙyalli, kauri kamar cinyar ƙato, tana fitowa daga cikinta tana tura bayan sama, sama, har ya kare mana rana. Mata suka yi guɗa. Ƙanen mijina ya juyo ya ce mini:

“Matata, kin ga jakin da ke sauke kayansa da kansa?”

Na ce, “Na gani. Ya fi mai shi zuciya.”

Washegari ina shara, na ga wani tabo a ƙasa ƙarƙashin cikin motar, bai fi tafin hannu ba. Na tsaya. Ɗis. Na jira. Ɗis. Na sa yatsa na taɓa. Mai ne, launin zuma, mai santsi. Na kira su.

Ɗana ya leƙa, ya ce man da ke ɗaga bayan ne yake tsattsafowa ta bakin sandar da ta jikin wani tiyo. Ya ce ba ƙarfe ne ke ɗaga yashi ba, man nan ne. Akwai famfo a cikin motar da ke tura shi da ƙarfi cikin sandar, in mai ya ragu ƙarfi ya ragu. Ƙanen mijina ya duƙa da ƙyar, ya duba, ya miƙe yana dariya.

“Huhu ne mai ɗiga. Lafiya ke nan. A ƙara masa.”

Aka aika aka sayo bido guda na mai, wato jarka, aka ƙara. Ba wanda ransa ya ɓaci. Ni ma na koma ɗakin goro na yayyafa nawa ruwan.

Hankalin ɗana dai bai kwanta ba. Ya kirawo wani makaniki abokinsa daga Paraku, Babaribe a ƙabila, mai yawan raha. Ina jan ruwa a rijiya suna magana a gindin motar, don haka da kunnena na ji.

“Papa,” ya ce wa ƙanen mijina, “ça va pas, ba lafiya. Robobin cikin sandar nan sun mutu. A kwance ta, a aika Kwatano a kawo sababbi, a canja tiyo. Mota ta huta 'yan kwanaki.”

“Ta huta? Yaushe ta fara aikin da za ta huta? Yanzu ne rani, yanzu ake gini. Duk ranar da ta wuni a nan, wani ne ya kwashe yashinmu.”

“Papa, ƙofar da mai ya bi ya fita, ita ƙura za ta bi ta shiga. Yau roba ce, gobe famfo. Kuɗin famfo kuwa ba a faɗinsa da safe, kada mutum ya kasa karya kumallo.”

“Kai, ku doya kuka sani, ina kuka san fatauci? Ba a kwance huhu a hanya.”

Makanikin ya dubi ɗana ya ce mene ne huhu. Aka gaya masa. Ya goge hannu da tsumma ya ce, “To, Papa, ni dai ban taɓa ganin goro mai taya ba.” Suka yi dariya su duka. Ya roƙi ruwa, na ba shi na rijiyarmu, ya sha ya yaba, ya hau babur ya tafi.

Bayan tafiyarsa na tare ƙanen mijina. Uwar mijina ta ga wutsiyar zamanin ayari, kuma ta gaya mini dokar nan tana da rabi na biyu. A hanya ba a kwancewa, amma in an sauka zango ana kwancewa, a zazzage, a tsince wanda sankara ta ci, a canja ganye, sannan a mayar. Shi kuwa a zamanin mota aka haife shi, bai taɓa bin jaki ba, rabin farko kawai ya tarar.

Na ce, “Malalacin miji, gyara kayanka ba sauke mu raba ba ne. Gidan nan ba zango ba ne? Kullum a nan take kwana.”

Ya ce, “Ke matata, rani duka hanya ce. Damina ce zango. In ruwa ya sauka gini ya tsaya, a kwance ta har hanjinta, ki zo ki tsince mai sankara da kanki.”

Magana ce mai kama da hankali, kowa ya ji ta ya ce haka ne. Ɗana ya sunkuyar da kai, ba ya musu da baffansa. Kuɗin gyaran a lokacin, in ji shi, bai wuce abin da motar ke samowa a 'yan kwanaki ba.

To, ku ji yadda mai ke cin gida. Ba ya ci kamar gobara, balle a yi kururuwa a taru a kawo ruwa. Kamar gara yake ci, daga ƙasa, ba ƙara.

Da fari bido guda yana daɗewa. Sai ya rage daɗewa. Sai ya zama kullum sai an sayo. Tabon da bai fi tafin hannu ba ya zama faifai, faifai ya zama tabarma, ya yi baƙi ƙirin, kaji ma suka daina tona wurin. Duk abin da mota ta samo, da safe sai a fara cire na gazuwal, wato dizal, a cire na mai, a cire na masu loda yashi, abin da ya rage shi ne namu. Kwanon rufi aka ce sai wata mai zuwa. Wata mai zuwa ya zo aka ce sai na bayansa. Nama ya fita daga miya. Wagashi, cukun nonon shanu, ya bi shi. Matar ɗana 'yar Dendi ce, mai kirki amma mai baki, ita ta raɗa wa motar suna Hajiya. Da safe sai ta tsaya bakin madafa da kwando a hannu.

“Inna, Hajiya ta karya? In ta karya, mu talakawa mu ga ko ta rage.”

“Rufe baki, kada baffanku ya ji.”

“Ya ji mana. Wallahi man da ake shayar da ƙasa a gidan nan, da na gyaɗa ne, da na soya ƙosai na ci da unguwa.”

Da man kanti ya gagara, aka koma na kwalba da ake jerawa a bakin titi. Da shi ma ya yi nauyi, ƙanen mijina ya sa aka riƙa karɓo baƙin man da ake tsiyayewa daga injin motoci a garaji, ana tace shi da wani tsohon kallabina. Ranar nan na ji ɗana ya ɗaga murya kaɗan.

“Baffa, wannan ba irinsa ba ne. Zai kashe ta.”

“Kana da kuɗin irinsa? In huhu ya ji ƙishi, ana tambayar ruwan wane rafi ne?”

Ɗana ya riƙe mazurari.

Tun daga nan motar ta canja murya. In za ta ɗaga baya sai ta yi wani irin kuka siriri, bayan ya tashi yana rawa kamar tsoho zai miƙe daga tabarma, ya kai rabi ya tsaya yana tunani. Wata rana tiyo ya fesa mai a kan lallausan yashin da aka kai wa wani don shafe ɗaki. Magini ya damƙa ya sunsuna, ya ce yashi mai mai ba ya kama siminti. Dole aka sake kai wani, kyauta. Wata rana kuma bayan ya ƙi tashi sam, sai da aka ɗauko ƙarti da shebur suka sauke, ladansu ya cinye kuɗin lodin har ya nemi ƙari. Mai gini ba ya jira. Masu kiran ɗana suka ragu, suka koma kiran wasu. A tashar yashi direbobi suka riƙa ce wa motarmu mai fitsarin kwance, wai ko makaho zai iya bin sawunta har gida. Ɗana yakan dawo ya zauna bakin rijiya yana wanke hannu da toka, ya daɗe yana wankewa, baƙin ba ya fita daga farcensa.

Ruwa ya sauka. Zangon da ake jira ya zo. Ƙanen mijina ya cika alkawari, ya aika aka kira makaniki. Ya zo, ya kwance, ya shimfiɗa kayan cikin motar a kan buhu. Wannan karon bai yi raha ba. Ya nuna musu famfon, ya ce ƙura da baƙin mai sun cinye shi ta ciki. Ya bi jikin sandar da farce, ya ce ta karce, ko an sa sabuwar roba za ta yage ta. Sai ya faɗi kuɗi. Ƙanen mijina ya cire hularsa, ya dube ta, ya mayar.

“Ba ka ce kuɗin 'yan kwanaki ba ne?”

“Da rani na faɗa, Papa. Wannan kuɗin damina ne.”

Ba mu da shi. Ina za mu same shi? Abin da rani ya kawo duka yana kwance ƙarƙashin ƙafafunmu, ƙasa ta sha. Makanikin ya mayar da kayan yadda suke, ya naɗe tiyon da robar taya ya ɗaure da waya. Ya ce wa ɗana, a gabana, “Wannan ɗaurin lallaɓa ne. In bayan nan yana sama, kada ka sa ko inuwarka a ƙarƙashinsa.” Bai karɓi ko sisi ba.

Ba a nan ta tsaya ba. A daminar nan wani liman ya ba ni aikin goron auren 'yarsa. Na kwashe duk jarina na sayo goro fari da ja, manya, na ajiye ina lallaɓa shi, kowace safiya ina yayyafa masa ruwan rijiya kamar yadda na saba tun ina amarya. Hancina ya riga ya mutu da warin mai, don gidan duka warinsa yake. Ranar ɗauka ƙanwar liman ta zo, ta zaɓi ɗaya, ta ɓare, ta ciza. Na ga fuskarta. Ta juya ta tofar.

“Iya, wannan goro ne ko garaji?”

Na ɓare wani na ɗanɗana. Na ɓare wani daga can ƙasan huhu. Duka ɗaya. Na tashi na je rijiya na jawo guga, na kai shi rana. A saman ruwan akwai wani abu yana yawo, mai launin bakan gizo. Ruwan sama ya bi da man nan ƙasa, ya kai shi inda kakan mijina ya haƙa. Goro kuwa ba ya zaɓe, abin da aka ba shi yake sha.

Bola aka kai goron. Jarina ya bi shi. Magana ta zaga Jugu, har masu suna suka daina aikowa. Muka ɗauko masu yasa suka yashe rijiya, muka biya su da akuyar matar ɗana. Ruwa ya taru, bakan gizo ya dawo. Gidan da ake aiko wa da tulu ya koma sayen ruwa a famfon maƙwabta.

Dangi suka aiko, suka ce a tuna fatihar da aka yi. Ƙanen mijina ya roƙe su rani ɗaya tak. Ya ce a kai motar Paraku inda ba wanda ya san sunan da aka raɗa mata, a tara na famfo, a gyara, a dawo. Da ruwa ya ɗauke ɗana ya tafi da ita. Ya sami aikin kai jan ƙasa wani gini a unguwar Lajifarani, yana kwana wurin wani abokinsa a unguwar Titiru, duk cikin Paraku. Ranar da zai tafi ya durƙusa ya ce, “Inna, a yi mini addu'a.” Ɗan fari ne, ban dube shi ba. Na dubi bango na ce Allah ya kiyaye hanya.

Abin da ya faru ban gani da idona ba, waɗanda suke wurin suka gaya mini. Da hantsi ne. Ya juye ƙasa, bayan motar yana sama, sai ɗaurin tiyon ya saki, mai ya fara zuba kamar an huda tulu. Man ranar ke nan, kuma ba shi da na sayen wani. Ya ɗauko wani katako daga cikin kayan magina ya tokare bayan, ya zura hannu ya matse wayar, wai yanzu-yanzu ya fito. Man da ke riƙe da bayan shi ne yake zuba a kan hannunsa. Da ya ƙare, nauyi duka ya sauka kan katako. Katako ya tsage.

Ina zaune ina tsince wake aka kira wayar matarsa. Na ji kwanon da ke hannunta ya faɗi. Muka shiga taksi zuwa Paraku, ni da ita da ƙanen mijina.

Allah ya bar masa ransa. Hannun dama ne, daga kafaɗa. Likitoci suka yi iyakar yinsu, suka yanka nan suka ɗinke can, ciwo ya ruɓe, daga baya suka cire shi. Mun daɗe a asibitin nan, muna kwana a baranda. Da can bido ne kowace safiya, yanzu takardar magani ce kowace safiya, a miƙo maka, ka je ka sayo, ba a fara komai sai ka kawo. Aka sa motar a kasuwa. Masu saye suka zagaya ta, suka ga famfo matacce, suka ji abin da ta yi, suka taya ta kuɗin tsohon ƙarfe. Aka sallama. Gonar kashu ta gado ke nan, a kan sikeli. Kuɗin bai kai mu ko'ina ba.

Ba dangi ne suka sake ta da maganar gida ba. Ƙanen mijina ne. Ya same ni a barandar asibiti, ya tsaya nesa, ya ce, “Yaya, sai dai a kira mai siminti.”

Tunda nake da shi bai taɓa ce mini Yaya ba.

Na koma Jugu don a yi a gabana. Mai siminti ya zo da ladabinsa, ya yi mana jaje, ya zaga gida. Da ya iso filin jakuna ya tsaya kan baƙin tabon, ya murza shi da takalmi. Ya jawo guga ya sunsuna. Sai ya ce shi da can gida mai rijiya ya taya, yanzu kuwa gida ne mai rami, sai ya biya an cike shi, ya biya an kwashe baƙar ƙasa kafin a zuba harsashi. Ya rage abin da ya rage. Ba ƙarya ya yi ba. Muna da majinyaci a kwance, ba mu da bakin ciniki. Aka biya asibiti, dangi suka ɗauki rabonsu, abin da ya zo hannunmu ya isa kama hayar ɗaki biyu a Titiru da sayen buhun masara.

Ranar fita na kwashe tukwanena da tabarmina. Kwandunan goro na bar su, sun sha wari. Har mun ɗora kaya na koma na kwance gugan daga bakin rijiya. Matar ɗana ta ce, “Inna, can ba rijiya.” Na ce na sani.

Yanzu a Titiru muke. Ɗana yana gadin ƙofar wani garaji, yana buɗewa yana rufewa da hagu. Ya koyi cin tuwo da hannun da aka hana shi ci da shi yana yaro. Matarsa tana soya ƙosai a bakin titi, bakin nan nata ya ragu. Ni kuma ina da ɗan kwando na goro a ƙofar ɗaki, abin da bai fi a sayar wa masu wucewa ɗaya-ɗaya ba. Da ruwan saye nake yayyafa masa. Kowace safiya sai na zazzage shi duka a faifai, na juya kowane ɗaya, na tsince, na mayar.

Ƙanen mijina yana Onkulu wurin 'yarsa. Yakan zo jefi-jefi, ya zauna a dakali, ya gaishe ni kamar baƙo. Zuwansa na ƙarshe ya tarar ina zazzage kwando. Ya daɗe yana kallon hannuna. Na zaɓi fari mai kyau na miƙa masa, na ce, “Karɓi, malalacin miji,” ko zai amsa. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce, “Na gode, Yaya.” Ya sa a aljihu, bai ci ba.

Shi ya gaya mini an rushe zaure da ɗakin goro, an cike rijiya, an jera shaguna. Ya ce in ina so ya raka ni in gani. Na ce a'a.

Ba kan kusu a ƙarshen wannan, ba kuma wanda ya yi ƙarya don gizo. Gugan yana nan rataye a ƙusa bayan ƙofa, igiyarsa a naɗe. Ya bushe ƙayau.